Ido Ba Mudu Ba Ne: Yadda Ake Auna Jini a Tiyatar Zuciya

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Daren da aka yi wa yayana tiyatar zuciya na gane cewa likitoci ba su amince da rabin ƙarshe na karin maganar nan ba. Ina tsaye a ɗakin kulawa ta musamman, sai na ga ma'aikaciyar jinya tana durƙusawa duk bayan awa guda, ta duba gorar da ke tara jinin da ke fitowa daga ƙirjinsa, ta rubuta adadin.

Aikin da aka yi masa shi ne wanda René Favaloro, ɗan Ajantina, ya daidaita a Cleveland ta Amurka a 1967: a ciro jijiya daga ƙafa, a yi wa jini sabuwar hanya da za ta kewaye inda jijiyar zuciya ta toshe. Yawanci ana tsayar da zuciyar, a miƙa aikinta da na huhu ga na'ura irin wadda John Gibbon ya fara cin nasara da ita a 1953. Don kada jini ya daskare a cikin na'urar, ana ba majiyyaci maganin hefarin. Ke nan an buɗe ƙirji, an kuma hana jini tsayawa, alhali abin da ke jikin babban mutum kimanin lita 5 ne kawai.

Yaya ake sanin abin da ya zuba? Ana ɗora ƙyallayen goge jini a kan sikeli, a cire nauyinsu na asali. Kowane giram ɗaya ana lissafa shi a matsayin mililita ɗaya. Ana karanta abin da injin zuƙa ya tara, a ɗebe ruwan da aka wanke wurin da shi. Ana kuma auna ƙarfin jinin, sai dai wannan na iya yaudara, domin ruwan da aka fara cika na'urar da shi yana tsinka jini. Shi ya sa ake haɗa hanyoyin wuri guda. In an raina abin da ya zuba, ƙoda da ƙwaƙwalwa su ji jiki. In an zuzuta shi, a yi ƙarin jinin da ba a buƙata, mai nasa haɗarin.

Darasin ya wuce ɗakin tiyatar zuciya. A binciken E-MOTIVE da aka buga a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ke cikin jagororinsa, an shimfiɗa wa masu haihuwa leda mai ma'auni maimakon kintace, aka kuma gaggauta magani. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kashi 60 cikin ɗari.

Yayana ya tashi, alhamdu lillahi. Roƙona ga hukumomin lafiya shi ne su wadata ɗakunan haihuwa da na tiyata da sikeli da wannan leda. Mu kuma mu riƙa ba da gudummawar jini tun kafin namu ya kwanta.