Inuwa Kafin Ado: Abin da Ɗalibai Ke So a Harabar Jami'ar Garwa

Ranar 5 ga Janairu, 2022, aka kafa Jami'ar Garwa a arewacin Kamaru. Ɗan Mayo-Oulo da a da sai ya nausa Marwa ko Ngaundere neman ilimi mai zurfi, yanzu ya samu jami'a a yankinsa. Ana yawan zancen azuzuwa da ɗakunan kwana, amma ba kasafai ake tuna filin da ke tsakanin gine-ginen ba, alhali nan ɗalibi ke cin rabin yininsa.

Duk mai son sanin zaɓin ɗalibai, ya leƙa harabar makaranta da azahar a watan Maris ko Afrilu, sa'ad da zafin Garwa ke haura digiri 40. Zai tarar da bencin siminti a rana ba kowa, gindin darbejiya kuwa maƙil. Wani ya jawo bulo ya zauna yana bitar darasi, wasu sun shimfiɗa tabarma suna muhawara, ga buta a gefe.

Dalilin a fili yake. Kwalta da siminti suna shan zafin rana, su riƙa amayar da shi har bayan magariba. Bishiya kuwa tana tare hasken, sannan ganyenta na fitar da danshin da ke sanyaya iska. Shi ya sa shimfiɗa ciyawar ado irin ta Turai asara ce a ƙasar da rani ke kai wata shida. Darbejiya da maɗaci da tsamiya sun saba da fari. Gawo ma a rani yake yin ganye, daidai lokacin da ake neman mafaka.

Bayan inuwa, ɗalibi na son wurin zama na katako da za a fuskanci juna, famfon ruwa a kusa, wurin salla, da inda zai yi cajin waya. Ɗalibai mata kuma sun fi samun natsuwa idan fitilu masu aiki da hasken rana sun haskaka hanya da dare.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna kira ga hukumomin jami'ar su tambayi ɗalibai kafin su zana fili, su kuma dasa bishiyoyi a daminar bana, a sa masu kariya daga awaki, a ɗora wa kowace tsangaya alhakin ban ruwa.