Google ya rufe maka asusun AdSense? Abubuwan da ya kamata ka sani

Daga Na'ibawa zuwa Sharada a Kano, akwai matasa da dama da ke cin abinci da shafukan intanet na labaran Kannywood, waƙoƙi da ƙwallon ƙafa. Yawancinsu da AdSense suka dogara, tsarin da Google ya fito da shi a 2003, wanda ke liƙa talla a shafinka ya biya ka idan kuɗinka ya kai dala 100. Sai wata safiya saƙo ya shigo cewa an rufe asusun saboda ziyarar bogi. Abin da kowa ke fara faɗa shi ne: "Wallahi ban taɓa danna tallata ba." Sau da yawa gaskiya ne, amma ba ya fitar da mutum.

Daga ina baƙinka suke zuwa?

Google ba hannunka kaɗai yake kallo ba. A ƙa'idarsa, duk wanda ya shigo shafinka a wuyanka yake. Idan ka tura a zauren WhatsApp cewa "don Allah ku taimaka ku danna", ka karya doka. Haka idan ka shiga ƙungiyar "danna min in danna maka". Mafi muni shi ne sayen maziyarta: wani ya ce ka ba shi 'yan dubbai ya turo maka mutum dubu goma kafin gari ya waye. Galibi ba mutane ba ne, na'urori ne da aka saita su riƙa buɗe shafuka. Samari na kiran irin wannan harka "lodin", har ana sayar da darasinta, ni kuwa ban ga abin da ake koyarwa a ciki ba face hanyar rasa asusu.

Kamar kwandon lemo ne a kasuwar 'Yan Lemo: mai saye da ya tarar da ruɓaɓɓe a ƙasa ba ya neman manomi, wanda ya miƙa masa kwandon yake kamawa. Mai talla ya biya ne don mutum na gaske ya gani.

Alamun ziyarar bogi a fili suke. Shafin Hausa ne, amma rabin masu shigowa daga wata ƙasar da ba a jin Hausa suke, da ƙarfe ukun dare, kowa ya yi daƙiƙa biyu ya fice.

Kuɗin da ke ciki fa?

Google kan riƙe su na kwana 30, ya mayar wa masu talla abin da ya gano na bogi ne. A Amurka wasu masu shafuka sun maka shi a kotu kan wannan riƙon, aka sasanta a kan dala miliyan 11 a 2018. Mutumin Kano dai kada ya sa ransa a nan.

Ɗaukaka ƙara

Akwai fom na musamman, kuma kada ka ɗauka za a saurare ka sau biyu. Kar ka cika shi ranar da ranka yake ɓace. Magiya da rantsuwa ba sa aiki. Wanda zai karanta hujja yake nema. Buɗe Google Analytics, ka nemo ranar da ziyara ta yi tashin gwauron zabo, da ƙasashen da ta fito, da kafar da ta turo su. Idan ka sayi maziyarta, faɗi gaskiya: wurin wa, yaushe, kuma ka daina. Idan wani ne ya yi ta danna tallarka don mugunta, nuna lokacin da matakin da ka ɗauka na toshe shi. Faɗi abin da ka gyara, misali ka ɗage talla daga jikin maɓallin sauke waƙa, inda yatsa ke faɗawa bisa kuskure. Google ba zai gaya maka takamaiman abin da ya gani ba, don kada masu lodi su koyi kauce masa.

Sabon asusu da sunan ƙanenka?

A'a. Wanda aka rufe wa ba shi da izinin buɗe wani, kuma adireshi, asusun banki da wayar da aka shiga da ita sukan tona asiri, a haɗa da na ƙanen a rufe.

Idan ƙarar ba ta karɓu ba, shafin yana nan. Masana'antun robobi na Sharada da Bompai, da 'yan katako na Na'ibawa, su ma suna neman masu saye. Mai shafin da Kanawa ke karantawa da gaske zai iya zuwa ofishinsu da alƙalumansa, a yi ciniki na wata-wata, a biya shi da naira.