Injin Goge Bango: Lissafin da Ke Gaban Masu Gyaran Gidaje a Katako

JOS — Tun bayan da yayin silin POP da shafen laushi na bango ya kankama a biranen Nijeriya, aikin gyaran gida ya samu wani sabon mataki da a da ba a cika damuwa da shi ba, wato goge bango da silin su yi sumul kafin a shafa fenti. Wannan mataki shi ne ya fi cin lokaci, shi ne kuma ya fi tayar da ƙura. Saboda haka ne injin goge bango mai aiki da lantarki ya fara jan hankalin masu fenti da ƙananan 'yan kwangila, ciki har da waɗanda ke hada-hada a kasuwar Katako da ke yankin Laranto, cikin ƙaramar hukumar Jos ta Arewa.

Kasuwar dai ta samo sunanta ne daga cinikin katako, ko da yake ta yi suna wajen hatsi da gwanjo. Tana cikin wuraren da aka ƙona a rikicin watan Nuwamba na 2008, shekaru shida bayan gobarar da ta cinye babbar kasuwar Taminus a watan Fabrairun 2002. Gine-gine da dama a wannan ɓangare na gari sun sha gyara tun daga lokacin, baya ga tsofaffin gidajen zamanin haƙar kuza da magada ke sabuntawa. A nan kafinta ke sayen katakon da zai ɗaura silin a kai, a nan kuma mai gida kan haɗu da wanda zai yi masa aiki.

Shi wannan inji asalinsa na ƙasashen da ke gina bangon cikin gida da allon jifsam ne. Wani Ba'amurke mai suna Augustine Sackett ne ya yi rajistar irin wannan allo a 1894, daga bisani ya zama ruwan dare a Amurka da Turai. A can ana liƙe mahaɗar alluna da kwaɓi, idan ya bushe a goge. A nan gida kuwa, inda bulo da siminti suka fi yawa, amfanin injin ya fi karkata ga silin POP da kuma kwaɓin laushi da ake shafawa bisa filasta. Ita kanta hodar POP daga dutsen jifsam ake yin ta, bayan an gasa shi a zafin da ya kai kimanin digiri 150 har ya rasa kashi uku cikin huɗu na ruwan da ke jikinsa. Akwai wannan dutse a jihohin Yobe da Gombe da Sakkwato, amma hodar POP mai yawa daga waje ake shigo da ita.

Ƙirar injin ba ta da wuyar ganewa. Faifai ne mai faɗin milimita 225, wato kusan inci 9, a bakin doguwar sanda da ke ba mutum damar kaiwa silin yana tsaye a ƙasa, ba tare da hawa tsani ba. Ana manna masa samfefa mai zagaye, a daidaita gudunsa gwargwadon taurin wurin. A bayansa akwai tiyo da ake haɗawa da injin zuƙe ƙura. Samfefa mai lamba 80 ko 100 ita ke kankare tudu, lamba 120 zuwa 150 ta daidaita, lamba 180 zuwa 220 kuma ta yi shafar ƙarshe. Ƙa'idar aiki ita ce a kwantar da faifan daidai a jikin bango, a riƙa tafiya da shi ba tsayawa, kada kuma a danna da ƙarfi, domin tsayawar ɗan lokaci a wuri guda kan bar rami mai siffar wata da zai fito fili da zarar fenti ya hau. Kusurwa da zanen ado na silin har yanzu sai da hannu.

Sai dai wanda zai zuba jari a wannan na'ura yana da lissafi uku a gabansa. Na farko shi ne wuta. Galibin injinan suna jan wat 400 zuwa 800, injin zuƙe ƙura kuma kan ja wat 1,200 ko fiye. Idan aka ɗauki mai wat 710, jimilla ta kusa kilowat 2, abin da ƙaramin janareton nan mai ƙarfin da bai kai wat 1,000 ba ba zai iya ɗauka ba. Aikin awa shida zai ci kimanin yunit 11 da rabi. A farashin naira 225 kan kowane yunit da aka ƙayyade wa masu rukunin A a watan Afrilun 2024, kuɗin ya tashi kusan naira 2,600 a yini. Wannan mai sauƙi ne idan an kwatanta da janareto, musamman tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Abin lura shi ne, garin da ya samu wutar ruwa daga Kurra tun wajen 1929 ta hannun kamfanin NESCO domin haƙar kuza, yau ma'aikaci a cikinsa ba ya iya yi wa mai gida alkawarin ranar gama aiki sai ya tanadi mai. Haka nan, injinan hannu da ake kawowa daga Amurka na wuta 120 ne, alhali ta Nijeriya 230 ce. Wanda ya jona ba tare da taransifoma ba ya yi asarar kuɗinsa nan take.

Lissafi na biyu shi ne kayan maye. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, duk wani abin da ake shigowa da shi ya yi tsada. Samfefar injin mai ramuka ce da ba ta yi daidai da wadda ake yankawa a shago ba, gawayin mota da tiyo da matatar ƙura kuma suna lalacewa. Mai hankali kan tambayi inda zai samu waɗannan kafin ya biya kuɗin inji. Wanda gida ɗaya kawai zai gyara, haya ta fi masa sauƙi, ko ya ɗauki mai sana'ar da ke da nasa.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne lafiya. Jarabar da ke gaban mai ƙaramin jari ita ce ya sayi injin gogewa ya bar na zuƙe ƙura domin rage kuɗi da wuta. Yin haka na nufin tayar da ƙurar yini guda cikin awa ɗaya a ɗaki rufaffe. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta bayyana a 1999 cewa haɗa gogewa da injin zuƙa na rage ƙurar da ma'aikaci ke shaƙa da kashi 80 zuwa 97 cikin ɗari. Idan faifan ya ci ya kai ga filastar siminti da yashi, ƙurar silika ke tashi, wadda ke taurara huhu sannu a hankali, cutar da ba ta warkewa. Tsumma ko hankici a hanci ba ya tare ta, sai takunkumi irin N95 tare da tabarau.

Tsofaffin gidajen Jos na da nasu haɗarin. Da yawa an rufe su da silin asbesto, wanda ba a gogewa ko kaɗan, saboda zarensa na haddasa sankarar huhu bayan shekaru. Tsohon fentin mai kuma na iya ƙunsar dalma, gubar da 'yan Nijeriya suka ga illarta ga yara a Zamfara a 2010. Don haka wajibi ne a fitar da yara da masu juna biyu daga gida, a toshe ƙofofi da leda, a share ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

Yanayin Filato ma yana da nasa hukunci. Daga Afrilu zuwa Oktoba damina da sanyi kan jinkirta bushewar kwaɓi, kuma goge danyen bango toshe samfefa kawai yake yi. Hunturu ne lokacin da aiki ya fi sauri.

Akwai kuma batun leburori, domin gogewa da hannu ita ce ƙofar da yara masu koyo ke shiga sana'ar fenti su samu na abinci. Inji zai rage yawan hannayen da ake bukata a babban aiki. Amma ubangidan da ya koya wa yaronsa sarrafa shi da kula da shi ya ba shi sana'ar da zai iya tsayawa da ita da ƙafarsa. Ga mai gida kuwa, tambaya ɗaya ta isa kafin a yi ciniki: ina injin zuƙe ƙurar, kuma wa zai biya kuɗin wuta?