Iya Iyo Ba Ya Maye Gurbin Rigar Ceto

Bidiyon Turawa tsaye a kan allo, jirgin ruwa mai inji na jan su da igiya suna tsallake igiyar ruwa, ya cika wayoyin matasa. Wasan ya bazu ne daga Amurka a shekarun 1980, kuma koyonsa ba laifi ba ne. Abin takaicin shi ne abin da ake ji a majalisun samari a Jalingo: "Ni fa na iya ruwa, me zan yi da rigar ceto?"

Haba jama'a! Wanda ya faɗo daga allo jirgi na gudu, ba shiga ruwa ya yi ba, buga shi aka yi da ruwa. Numfashi kan ɗauke, kai ya juya, allon kuma yana ɗaure a ƙafafu. Da wace ƙafa gwanin zai yi iyo? Rigar ce ke riƙe shi a sama har hankalinsa ya dawo. Wanda ya koyi iyo a Mayo Gwoi ko Lamurde da rani bai san Binuwai ba. A Lau ko Ibi ruwa na ja ta ƙasa, ga kututturan da ambaliya ta binne, ga tarun masunta, ga dorina a wasu wurare. Mun manta da Oktoban 2023, da jirgin da ya taso daga kasuwar Mayo Renewo zuwa Karim Lamido ya kife da fasinjoji? Mutanen bakin kogi ne, ruwa bai ƙyale su ba. Masu cewa "in ajali ya zo riga ba ta hanawa" su tuna tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba.



To, mai son koyo ya kiyaye waɗannan. Ka sa riga daidai jikinka, ka ɗaure maɗaurinta duka. Ka fara neman Sarkin Ruwa da masunta su nuna maka wuri mai zurfi, marar taru. Kada ka shiga da damina ruwa na cike, ko bayan magariba. Jirgi ya ɗauki mutum biyu: direba, da wanda idonsa ke kanka kawai.

A cikin ruwa ka tsuguna, gwiwoyi a ƙirji, hannuwa a miƙe, allo a gicciye gabanka. Kada ka ja igiya, bari jirgi ya tashe ka. Kana miƙewa sai ka juya ƙafa ɗaya gaba, gwiwa a ɗan lanƙwashe, mariƙin igiya kusa da ƙugu, ido a kan jirgi. Gudun kilomita 20 zuwa 30 a awa ya ishi ɗan koyo. Ku shirya alamu tun a tudu: babban yatsa sama a ƙara gudu, ƙasa a rage. In ka faɗi, saki igiya nan take, kuma kada ka taɓa naɗe ta a hannu. Direba ya kashe inji kafin ya matso ɗaukarka, domin farfela ba ta san gwani ba.

Iyaye da masu jirage, duk yaron da ya zo babu riga, ku mayar da shi gida.