Kafin Ki Je Rinin Gashi, Shirin Yana Farawa Tun Daga Gida

Biki ya matso, ko furfura ta fara leƙowa, kin sa rana da mai gyaran gashi. Da yawanmu mun ɗauka shirin bai wuce a wanke kai tas da safe a kama hanya ba. To, bari mu duba abin da rini ke yi wa gashi, daga nan za ki gane dalilin da ya sa shiri ke farawa tun saura mako biyu.

Kowane silin gashi yana da rufi a bayansa, jere kamar ɓawon kifi. A ƙarƙashin rufin nan ne sinadarin melanin yake, wanda ke ba gashi launinsa. Rinin da ba ya fita da wanki yana zuwa da sinadarai biyu masu ƙarfi: amoniya, wadda ke ɗaga ɓawon, da haidirojin feroksayid, wanda ke kashe launin asali ya kuma ƙulla sabon launi a cikin silin. Fatar kanki tana kusan 5.5 a ma'aunin pH, shi kuwa irin wannan rini yana kai wa wajen 10. Kin ga ashe ba ƙaramin abu ake ɗora wa kai ba.

Saura mako biyu: idan kina sa rilaksa, ki yi shi yanzu ko ki haƙura. Rilaksa ya fi rini ƙarfi, yana karya mahaɗan da ke riƙe furotin na keratin don gashi ya miƙe. A haɗa su rana ɗaya, gashin da ya riga ya raunana sai ya fara kakkaryewa.

Saura mako ɗaya: ki tsefe kitso, musamman mai ja sosai, fatar kai ta huta. Ki yi wa gashin turare da man laushi. Inda gashi ya bushe ya farfashe, kamar ƙarshensa, ya fi saurin shan rini, shi ya sa launi kan fito dabbare-dabbare.

Saura kwana biyu: a nan ne gwajin da ya fi komai muhimmanci. Yawancin rini mai duhu yana ɗauke da sinadarin PPD, wanda kan jawo wa wasu borin jini. Ki karɓi ɗan kaɗan daga ainihin rinin da za a sa miki, ki shafa a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu kamar yadda kwalin ya nuna, ki jira awa 48. Me ya sa har awa 48? Saboda garkuwar jiki ba nan take take mayar da martani ba, takan ɗauki kwana ɗaya ko biyu. In kin ga ja, ƙaiƙayi, ƙuraje ko kumburi, magana ta ƙare, kada ki sa.

Kada ki ce ai kin saba yi lafiya. Jiki yana iya koyon ƙin PPD a hankali, kuma in ya koya, da wuya ya manta. Mu da muke yawan ƙunshin baƙin lalle, wato dayis, abin ya fi shafarmu, domin sau da yawa PPD ne ke ba shi baƙin nan. Wadda dayis ya taɓa sa wa ƙuraje a hannu, rinin gashi na iya kumbura mata fuska har ido ya rufe. Ki ga likitan fata tukuna.

A wannan rana ce kuma za ki yi wankin kai na ƙarshe. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa cikin kwana ɗaya ko biyu yana rage zafin sinadaran. Amma kar ki lafta man kaɗanya ko basilin, mai mai nauyi yana hana rini shiga daidai. Kuma ki daure ki daina susa, don ɗan ƙarzanen farce ƙofa ce ga sinadari. In akwai ciwo ko amosani mai tsanani, ɗage ranar ya fi.

Ranar kuwa, ki faɗa wa mai gyaran gaskiya: yaushe kika sa rilaksa, kin taɓa sa lalle a kai, wane rini kika yi a baya. Wasu garin lallen ana haɗa su da gishirin ƙarfe, wanda in ya haɗu da feroksayid sai gashi ya ɗauki zafi ya lalace. Ki ce ta gwada a 'yan sili daga ƙeya kafin ta shafe kan duka.

In ana cikin yi kika ji zafi mai tsanani, a wanke nan take, kar ki cije don kunya. In leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya fara wuya, sai asibiti ba jira.

Gashi yana tsiro kusan santimita 1 ne a wata. Tsawon da ya karye a zama ɗaya, sai ki yi shekara kina jiran dawowarsa.