Ko Kun Sani? Na'urar da Ba a Kai wa Mai Gyaran Waya

A kasuwar Black Market ta Adjamé, a Abijan, da wuya a kawo wayar da za ta gagari masu gyara. Amma akwai na'urar da bai kamata a buɗe ta a teburinsu ba: kwamfutar masu nutso, wadda ake ɗaurawa a hannu kamar agogo.

Masu nutso na aiki a tashar jiragen ruwan Abijan da ke gefen unguwar Treichville, wadda ta samu hanyar teku bayan buɗe mashigar Vridi a 1950. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, matsin da ke kansa na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar doron ƙasa. A mita 30 ya ninka sau huɗu. Kwamfutar na auna zurfi da lokaci, ta lissafa iskar naitirojin da ta shiga jiki, ta faɗa masa inda zai dakata kafin ya taso. Gaggawar tasowa na iya jawo shanyewar jiki ko mutuwa.

Sauya batir gyara ne mai sauƙi, muddin an sa sabuwar robar da ke hana ruwa shiga, aka kuma gwada na'urar a tukunyar matsi. Idan kuwa ruwan gishiri ya shiga ciki, ko ma'aunin zurfin ya fara kuskure, a mayar wa kamfaninta ko a sayi sabuwa, domin fuskarta na iya haskawa lafiya lau alhali lissafin ya karkace.