Tururuwar Manaus da Hukuncin da Aka Gina Bisa Shaida Ɗaya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cinnaka da cizonsa, ya san kiyashi da ɓarnarsa a kwanon sukari, ya kuma san kwarkwasa wadda in ta shigo gida da damina sai mutane su kwashe yara su fita tsakar gida. Amma da za a tambaye shi mene ne ya haɗa waɗannan duka ya mai da su dangi guda, ya kuma fitar da gara daga cikinsu alhali ita ma tana da sarauniya da runduna da gini, to sai amsar ta yi masa wuya. Malaman ilmin ƙwari sun ce tururuwa 'yar'uwar rina ce da ƙudan zuma, gara kuwa nasabarta tana komawa ga kyankyaso, kuma hujjarsu tana jikin halittar kanta: tururuwa tana da ƙugu siriri mai ƙulli ɗaya ko biyu tsakanin ƙirjinta da cikinta, kuma ƙahonnin nan biyu da take shinshina hanya da su suna da gwiwa a tsakiya, abin da gara ba ta da shi.

Magabata ba su rena wannan halitta ba. Akwai sura sukutum a Alƙur'ani mai girma da aka sa wa sunanta, kuma Jahiz, malamin Basra, ya ba ta fili a cikin Kitabul Hayawan, har ya bayyana yadda take fasa ƙwayar hatsin da ta ɓoye don kada ta tsira a cikin ramin. Sai dai rarraba ta nau'i-nau'i bisa ƙa'ida ya soma ne daga Linnaeus, mutumin Suwidin, wanda a littafinsa na 1758 ya lissafa nau'i 17 kacal, ya tara su duka ƙarƙashin jinsi ɗaya da ya kira Formica. A yau waɗanda aka siffanta aka raɗa wa suna sun haura 14,000, an kasa su cikin manyan ƙabilu da ba su kai 20 ba, kuma ɗaya daga cikin ƙabilun nan an kafa ta ne bisa ƙwaro guda ɗaya tak.

A shekarar 2003 wani ɗalibi Bajamushe mai suna Christian Rabeling yana aikin bincike a dajin Amazon, a filin hukumar binciken noma ta Brazil da ake kira Embrapa, kusa da birnin Manaus, sai ya ga wata 'yar tururuwa fara-fara tana tafiya ita kaɗai a kan ruɓaɓɓen ganye, tsawonta bai wuce milimita 3 ba, ya ɗauke ta ya jefa cikin kwalbar sinadari. 'Yan shekaru kafin haka, Manfred Verhaagh na gidan adana kayan halitta na Karlsruhe ya taɓa samun guda biyu irinta a cikin ƙasar da aka haƙo a wannan wuri, amma suka lalace kafin a samu damar yin nazarinsu yadda ya kamata. Da aka sa sabuwar ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai aka ga abin da ya ɗaure wa masana kai: ba ta da idanu ko kaɗan, ƙafafunta na gaba sun fi sauran kauri, muƙamuƙanta dogaye ne sirara, sun fito daga gefen kai sun miƙe gaba tamkar hantsaki, ga wani tarin gashi gajere a saman bakinta, ga kuma ƙari a ƙarshen cikinta. Kowace siffa daga cikin waɗannan ana iya samun mai kama da ita a wata tururuwa dabam, amma haɗuwarsu a jiki ɗaya ba a taɓa gani ba. An ruwaito cewa da aka nuna ta ga Edward Wilson da Stefan Cover na Jami'ar Harvard, waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu kan tururuwa, sai aka yi raha cewa wannan ai sai dai daga tauraron Mirrihu ta faɗo, kuma daga wannan raha ne sunanta na ilmi ya fito, wato Martialis heureka.

Ga ƙa'idar wannan fanni, ba a raɗa wa nau'i suna sai an ware jiki guda an ajiye shi a ma'adana, ya zama asalin da za a riƙa komawa gare shi duk lokacin da jayayya ta taso. Saboda haka wannan tururuwa ɗaya ita ce asalin, ita ce kuma dukkan abin da ke hannu, kuma masu binciken suna bukatar su karanta ƙwayoyin gadonta, wanda yakan bukaci a niƙe wani sashe na jikinta. Sai suka cire ƙafa ɗaya suka sadaukar da ita, suka bar sauran jikin. Daga wannan ƙafa suka karanta wasu ƙwayoyin gado guda uku, suka gwada su da na sauran tururuwan duniya, kuma a 2008 Rabeling da Jeremy Brown da Verhaagh suka wallafa sakamakon a mujallar Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka, inda suka kafa mata ƙabila tata ta kanta, Martialinae, wadda ita ce sabuwar ƙabila ta farko ta tururuwa masu rai da aka gano tun 1923. Suka ƙara da da'awa mafi nauyi, cewa reshenta ne ya fara rabuwa da na dukkan sauran tururuwa, fiye da shekara miliyan 100 da suka shuɗe bisa ƙiyasin masana.

Almajirin da ya zauna gaban malamin hadisi zai gane irin matsalar nan take, domin ya san bambancin labarin da jama'a mai yawa ta ruwaito daga jama'a mai yawa, da labarin da ya zo ta hanyar mutum ɗaya. Ba a watsar da na biyun, amma ana tsananta bincike a kansa, ana neman abin da zai ƙarfafa shi ta wata hanya. Haka aka yi wa Martialis. Kasancewarta ƙabila dabam bai sha suka sosai ba, don ido yana ganin hujjar a jikinta. Matsayinta a gindin bishiyar nasaba shi ne ya jawo saɓani, kuma dalilin yana da daɗin fahimta: idan zuriya biyu sun daɗe ƙwarai kowace tana tafiya ita kaɗai, sauye-sauyen da suka taru a ƙwayoyin gadonsu sukan yi yawa har wasu su dace da juna bisa katari, sai lissafin kwamfuta ya ruɗe, ya kusanta waɗanda ba su da kusanci, ko ya ajiye wata a muhallin da ba nata ba. A 2011 Patrick Kück da abokan aikinsa suka sake lissafin da wata hanya, suka ce a'a, wannan matsayi na wata ƙabila ce mai suna Leptanillinae, wasu ƙananan makafin tururuwa da ke zaune a ƙarƙashin ƙasa a Afirka da Asiya da kudancin Turai, waɗanda aka ga wasunsu suna farautar shanshani. Sannan a 2019 Marek Borowiec da jama'arsa, da hujjoji masu yawa fiye da na farko, suka rinjayar da ra'ayi na uku, cewa Martialis da Leptanillinae 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma su biyun tare suka rabu da sauran.

A ganina kuskuren da ya fi yaɗuwa game da wannan ƙwaro ba na masu binciken ba ne, na masu ba da labari ne, waɗanda suka yi ta cewa an gano kakar tururuwa. Martialis ba kakar kowa ba ce. Tana raye a zamaninmu kamar yadda cinnaka yake raye, kuma ita ma ta yi ta sauyawa tsawon wannan lokaci duka. Makantarta da farin jikinta suna iya zama abin da zaman duhu ya haifar mata daga baya, don haka ba a kafa hujja da su kai tsaye a ce tururuwar farko makauniya ce, musamman da yake tsofaffin tururuwan da aka samu a daskare cikin ƙaron itatuwa, irin su Sphecomyrma da aka siffanta a 1967, suna da idanu sosai.

Shaida ta biyu da ake nema kuwa ta zo ne daga inda ba a zata ba. A 2015 Brendon Boudinot ya siffanta namijin Martialis, mai fikafikai, daga cikin ƙwarin da tarkuna suka kama a dazuzzukan Manaus tun shekarun baya, waɗanda suke ajiye a ma'adana ba tare da an gane ko su wane ne ba, domin namijin tururuwa sau da yawa bai yi kama da ma'aikatan gidansu ba, kuma masana sun daɗe suna kau da kai daga nazarinsa. Abin da take ci kuwa har yanzu zato ne aka gina bisa siffar muƙamuƙanta, wato tana zaƙulo tsutsotsi ko wasu halittu masu taushin jiki daga cikin ramukansu a ƙarƙashin ganyen da ya ruɓe.